Ranar da Kan Babur Ya Ƙwace Mini a Hanyar Guri

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ni Shu'ibu ɗan Abdulwahid, tsohon malamin allurar shanu na En'e a Haɗejiya, na rubuta wannan da hannuna a watan Rajab na shekarar 1377 bayan Hijira, da hankalina garau, babu wanda ya tilasta ni. Ƙugu ne ya gaza, ƙirji kuma yana bin sa, amma kai lafiya lau yake, ko da me uwarku Kulu za ta ce game da mantuwata. Shaiduna Malam Hamman limamin unguwarmu da maƙwabcina Musa. Zuwa gare ku 'ya'yana: Gwadabe, Haladu, Barira da Saude.

1. Gida, da shanu, da gonar fadama ta hanyar Auyo, a raba su yadda shari'a ta ce. Shawarata dai kada ku yanka fadamar. Ruwa ta gefe ɗaya yake shiga. Wanda rabonsa ya faɗa a tudu zai yi ta kallon ɗan'uwansa da wani ido. Ku noma ta tare, ku raba shinkafar. Ɗakin Kulu nata ne muddin ranta.

2. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara biyu ke nan kuna cewa Haladu ne ya karya mini ƙugu, don shi ya kwance wuyan babur ɗina ya gyara ana gobe zan faɗi. Ba shi ba ne, ni ne.

Da safen nan da zan tafi Guri ya tare ni a zaure, ya ce gyaransa ya yi kyau, amma kada in ɗora kaya mai nauyi can ƙarshen baya, domin tayar gaba tana rasa nauyi, kan babur ya kama rawa. Na ce masa ina hawan babur tun bai iya ko keke ba. Da na gama allura, masu shanu da masunta suka haɗa mini rabin buhun shinkafa da kwandon busasshen kifi. Kun san baƙo ba ya mayar da kyauta, kuma ba ya barin ta a baya kamar ya raina. Na ɗaure buhun a mazaunin kaya, rabinsa yana reto bayan taya, na ɗora kwandon a kansa har ya kusa kai mini kafaɗa.

Tun daga bakin gari na ji kan yana karkarwa a hannuna, na yi biris. A wata gangara na hango dattawa a bakin gona, na saki hannu ɗaya na ɗaga musu, don ba zan wuce manya kamar jaki ba. Nan take kan ya ƙwace, dama da hagu, sai ga ni a rami, kifi ya watse a kaina.

Da aka kawo ni gida, kai Gwadabe ka ce gyaran Haladu ne, ni kuwa na yi shiru. Kunya ce ta hana ni a ce malamin da ya shekara goma sha ɗaya a kan babur bai iya ɗaurin kaya ba. Shirun nan ya kori ɗana zuwa Malam Madori, yana gyaran kekunan mutane a bakin tashar jirgin ƙasa, bai taɓa aiko da kalma ɗaya ta tona ni ba. Wannan yana ci mini rai fiye da ciwon.

3. Babur ɗin ina so ya zama na Haladu. Na san ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada, don haka roƙo nake yi, ba umurni ba. Ina kyautata zaton ba za ku hana ni ba.

4. Duk wanda zai hau shi, ya yi masa kaya irin na mangalar jaki: gefe biyu, nauyi daidai, ƙasa-ƙasa, kusa da bayan mai tuƙi. Ya duba iskar taya kafin ya tashi. In kai ya fara rawa, kada a danne shi da ƙarfi, kada a finciki birkin gaba. A sassauta mai a hankali, a sunkuya gaba, a tsaya a sake ɗauri. Gaisuwa kuma a yi ta da ka, dattawa za su gane. In kyauta ta fi ƙarfin babur, ku yi godiya ku ce a aiko da ita a kwalekwale.

5. Barira da Saude, kun daina zuwa wurin matar Haladu, Rahmatu, har sunan ɗiyarta ba ku je ba. Don ni kuka yi, na sani, kuma laifin nawa ne. Ku ɗauki turmin atamfa biyu da ke akwatina ku kai mata da hannunku.

6. Kada a jira mutuwata kafin a karanta wannan takarda. Malam Hamman zai karanta muku ita ranar Juma'a. Gwadabe, kai ne babba. Washegari ka hau keke ka tafi Malam Madori da kanka ka zo mini da Haladu, ban yarda a aika ɗan saƙo ba. Zuciyarka tana da saurin tafasa irin tawa, amma tana da saurin sauka, shi ya sa hankalina a kwance yake.

Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya sa ku ci tuwo a akushi ɗaya bayan raina, Ya tsare ku a tudu da ruwa. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙe uwarku.

Ina jin ƙarfi a jikina kwanan nan, kuma ina sa ran Haladu zai same ni da rai, in roƙe shi gafara da bakina a gabanku. In kuwa Allah bai nufa ba, Gwadabe, kai za ka roƙa mini, a zauren nan inda ya gargaɗe ni, kuma ka ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.