Yara Tara da Ba Su Dawo Ba

Litinin, 7 Oktoba 2024

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa, ya yi mini afuwa. Ban rubuta don in ɗora wa kowa nauyi ba. Bakina ne ya kasa.

Majo Abdurrazak, shugaban likitarmu, ɗan asibitin garin nan, ya dawo daga Yamai da sabon abu cikin odinatar, kwamfutar aikinmu. Shekara huɗu ke nan ni ke shigar da fish, wato katin yaran awo da allura, sun fi dubu uku. A da rapor, rahoton ƙarshen wata, lambobi ne kurum, ka karanta ka rufe. Yanzu lambobin sun koma shuɗi, da layi ƙarƙashinsu.

Ya ce, "Inna Habsatu, kama kusun odinatar nan, abin dannawa. Yaran da ba su dawo allurar wata tara ba, nawa anka rubuta?" Na ce tara. Ya ce, "To, danna tarar."

Na danna. Fish ta buɗe, amma ta waɗannan tara kaɗai, ɗaya bayan ɗaya. Kamar an yi shiƙa, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta rage a faifai.

Na huɗu Yazid ne. Na ce ma Majo zan je alwala.

Talata, 8 Oktoba

Yazid ɗan ɗiyata Najiba, jikana na fari. Zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi ran Juma'a 9 ga Agusta, saura mako guda a yi masa allurar. A fish akwai gurbin da ake dannawa in yaro ya rasu, a sa ranar. Aikina ne. Na yi wa ɗiyan mutane fiye da yadda nake son tunawa. Nasa ban danna ba.

Ranar da na koma aiki na buɗe fish ɗinsa don in rufe, sai na ga odinatar ta rubuta masa wata tara. Ita ke ƙidayar watanni da kanta, ba wanda ya gaya mata. Na janye hannuna. Tun daga nan nakan leƙa shi da safe kafin mata su taru. Yau watansa goma da kwana ashirin da biyu. Da yanzu yana dafa bango.

A likita ba wanda ya san sunan yankansa. Angona nake ce masa, gaisuwar angon Inna sunka zo yi. Cikin fish dubu uku ya yi kwanciyarsa ba mai gani. Yanzu dannawa ɗaya ta fito da shi fili.

Alhamis, 10 Oktoba

Ban ci tuwo ba. Ana ta wucewa da damman hatsi a amalanke, bana Allah ya ba da.

Juma'a, 11 Oktoba

Majo ya yanke: Alhamis mai zuwa Basiratu, sabuwar mai allura, za ta hau moto ta bi yaran tara gida gida.

Ta zauna kusa da ni ta danna tarar tana kwafe sunaye. Yarinya ce mai kirki, sai dai baki. "Inna, dubi wagga, Najiba, tunga kan hanyar Tabla. Kullum tana kan lokaci, sai ta ƙarshe ta yi lalaci. Wallahi in na je sai na ce ta fito mini da shi in ga ƙibar da ta hana shi zuwa."

Na ce, "Ki riƙa sallama da taushi, ɗiyata, ba ki san abin da ke bayan zana ba."

Ta yi dariya, ta ce ni ko akuya ta ci mini tsaba haƙuri zan ba ta.

Najiba sai bayan sadakar arba'in ta fara fita rijiya. A tsaya ƙofarta a ce ta fito da shi. Kuma ni na aike su.

Lahadi, 13 Oktoba

Malam Baƙo da ya koya mana allo yakan ce rubutu shaida ne, ko a ƙasa ka yi shi da yatsa. Shekara arba'in ban manta ba. Ban rubuta ƙarya ba, na dai bar gurbi. Haka nake gaya wa kaina tun Agusta. Yau a kan buzu na faɗa, ban ji ta zauna ba.

Na yi tunanin in ja Basiratu gefe in ce ta tsallake tungar. To sai wata mai zuwa tarar ta sake kawo shi, da na bayansa.

Najiba ta kira. Mun yi maganar wake, da ciwon ƙafar mijinta Alhassan. Ba mu taɓa maganarsa, ni da ita. Kowa na tsare ɗan'uwansa.

Laraba, 16 Oktoba

Na zo kafin kowa. Na buɗe rapor, na danna tara, na wuce uku. Wata goma sha ɗaya cif, yau.

Na ce, "Angona, ka girma ka bar ni." Na yi masa addu'a. Na danna gurbin, na sa 9 Agusta. Odinatar ta tambaya ko na tabbata. Wata biyu ba wanda ya tambaye ni haka.

Watannin sunka koma takwas da kwana ashirin da huɗu. Nan ya tsaya.

Na koma rapor. Takwas.

Basiratu ta shigo ta ga idona, ta duba takardarta, ta duba odinatar. Nan ta gane. Ta soke layi na huɗu, ta kawo mini ruwa a moɗa. Daga baya na gaya wa Majo da bakina. Ya ce, "Allah shi jiƙan rai, Inna," bai ƙara ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 17 Oktoba

Basiratu ta dawo da la'asar. Shida ta yi musu allura. Biyu sun rasu tun damina, ba wanda ya kawo mana labari. Ta ce ta yi sallama da taushi. Na rufe nasu nan take, da sunan kowane a bakina.

Gobe ban san abin da zan leƙa da safe ba. Ban ce na haƙura ba.

Na dai yi wa Najiba saƙon murya, sau uku ina gogewa. Na ce, "Najiba, Inna ce. Asabar ina son in zo mu zauna, mu yi hirar Yazid. In kin yarda, ki amsa mini da wuri."