'Yata ta hana ni ɗauko jikata daga makaranta

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake. Ni tsohon direba ne, a kan sitiyari na yi furfura, ko kaza ban taɓa takewa ba. Tun da na ajiye aiki ni ke ɗauko jikata daga makaranta a 'yar motata. To, ina fama da ciwon baya, sai wani abokina ya haɗa ni da wani magani mai ɗaci a 'yar kwalba, kurɓa biyu ka ji jiki ya saki. Uwar yarinyar, 'yar cikina fa, ta tsinci kwalaben a ƙarƙashin kujera, ta shinshina, wai giya ce. Ni! Giya! Ba ta tsaya nan ba, sai da ta je ta ce wa maigadin makaranta kada ya ƙara ba ni yarinyar. Jiya haka na tsaya a bakin ƙofa cikin iyayen yara kamar ɓarawo, jikata tana ɗago mini hannu daga ciki, maigadi yana ta ba ni haƙuri. Gaskiya ne kwanan baya na gogi ginshiƙin ƙofar, amma ai wanda ya kafa shi a wurin ne ba shi da hankali. Yarinyar da na ɗauka a wuya ce za ta tozarta ni haka? Na ce ba zan ƙara taka gidanta ba.

Kaka mai ɓacin rai

Baba, sannu da haƙuri. 'Yarka ta yi kuskure da ta kai maganar wurin maigadi kafin ta zauna da kai, wannan kam da ciwo. Amma ni ma raina ya ɓaci, kuma ba da ita ba. Da yawa daga irin waɗannan magungunan da barasa ake jiƙa su, mai sayarwa kuwa ba zai faɗa maka ba. Ka kai kwalbar wurin mai harhaɗa magani ya duba, bayanka kuma ka nuna wa likita. Duk ranar da ka kurɓa, ka bar makulli a gida, ka hau motar haya ka ɗauko jikarka. Ka je ka faɗa wa 'yarka haka da bakinka, za ta sauko.

Ginshiƙin nan ya daɗe a wurin, lafiya kake wuce shi kafin kwalbar ta shigo motarka. Kuma a jikinsa yara suke tsayawa suna jiran iyayensu, har da jikarka.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya raya mana ita.