Faifan da ya tsira daga tuwo

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san takardar nan ba za ta isa inda kake ba. To wa zan tambaya? Duk Bunkure kai kaɗai ka san kan garmaho.

An sako ruwa a kanal, tumatir ya yi kyau, kasuwa kuma ta faɗi kamar yadda ta saba. Inna lafiya lau, idon ne dai ya ƙara rauni.

Ranar sadakar ukunka aka yi ɓarna. Mata suna kwasar tuwo, faya-fayen rufi suka ƙare, wata ta tambaya ko akwai faifai a gidan. Inna, hankalinta ba ya jikinta, ta ce akwai a akwatinka. Su na kaba suke nufi, ita naka na garmaho ta tuna. Suka ɗebo su, suka rufe tuwo mai zafi. Baba, duk sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa a rana. Ɗaya ne ya tsira, don ya maƙale a ƙasan akwati. Har yau na rasa dariya zan yi ko kuka.

Tun ranar Inna ba ta yafe wa kanta ba. Burinta ta ji wannan ɗayan, ga shi garmahonka ya riga ka mutuwa. Sai na ɗauki abin da ya saura na kuɗin tumatir na shiga Kano.

Mai shagon farko ya yi mini dariya, wai yanzu faifan sidi ake yayi. Na biyu ya rantse sifika ce komai, ya nuna mini wata kamar buhun shinkafa. Na uku ya ce ƙarya ne, allura ce komai, mai arha takan ci faifai yadda garma ke cin ƙasa. Ga inji mai bel, ga marar bel, ga amfilifaya. Kaina ya ɗaure. Kuɗina abu ɗaya za su iya: ko cikakken saiti mai arha wanda zai iya cinye faifan, ko inji mai kyau da aka taɓa amfani da shi, da sabuwar allura, amma babu sifika.

Da kai ne, wanne za ka ɗauka? Me ya hana ni tambayarka lokacin da kake goge allura da bakin rigarka? Ina son sautin nan ƙwarai, ban dai taɓa gaya maka ba.

Na ɗauki injin mai sabuwar allurar. Duk hanyar Kura ina zagin kaina a mota, wane irin wawa ne zai sayi garmaho marar baki?

Da aka kawo wuta bayan la'asar na ɗora faifan. Ashe allurar kanta tana fitar da ɗan sauti, siriri kamar kukan sauro. Inna ta durƙusa, ta kai kunnenta kusa, ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Daga inda nake tsaye ban ji komai ba. Can sai ta fara bin waƙar a hankali, har da inda kake kuskuren baitin in kana rera ta. A bakinta na ji ta, daga farko har ƙarshe.

Yanzu ina tara kuɗin sifika, ita kuma ta ce kada in saya. Na yi daidai, Baba?

Allah ya haskaka kabarinka.

Ɗanka,
Sani