Shiga Gaba In Gan Ki

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina hutawa a inda babu ciwon baya, babu fargaba. Saratu ce. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, wata bakwai da aurena, amma sai ranar Lahadin da ta wuce na ji abin da kika ɓoye min.

Kin san halina da littattafan soyayya. Ke ce kike cewa wata rana tuwo zai ƙone, ɗaki ya kama, ni ina shafi na arba'in. Aure bai raba ni da su ba, sai ma ya ƙara min da finafinai. Akwai wani mai dogon zango da aka zuba min a filas a kasuwa, labarin wata ƙasa mai nisa inda aka tashi shafe wata ƙabila gaba ɗaya. An ce da gaske ya faru. Ni dai saurayin da budurwar ne suka riƙe ni, shi ɗan wannan ɓangare, ita 'yar wancan.

Duk Lahadi in an taso daga coci, ni da matan gidan hayarmu mukan taru a ɗakina da soyayyar gyaɗa a faranti. Mu yi hawaye, mu yi dariyar barkwancin mai fassara, mu yi gardama kan ɗinkin rigar yarinyar. In wurin kisa ya yi tsawo, ni ke riƙe da rimot, sai in tura gaba mu kai inda masoyan za su sake haɗuwa.

Ran nan yayarki Mama Asabe tana nan. Ta zo daga Fadan Kagoma ganin likita saboda gwiwarta. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsaga citta, ban ma san tana kallo ba. Aka nuno mutane suna gudu, wata mata da goyo a baya, kiɗa mai taushi yana tashi. Sai ta ce, ba tare da ta ajiye wuƙar ba: "Wanda ya yi fim ɗin nan bai taɓa gudu ba. Ranar gudu ba a goyo a baya. A ƙirji ake ɗaure jariri, nono a bakinsa, kada ya yi kuka."

Maƙwabciyata Maman Joy ta yi dariya ta ce ai fim ne kawai. Mama Asabe ba ta kula ta ba, ni ta kalla. "Haka uwarki ta ɗaure ki. Dauda ne ke bin ta a baya."

Mama, kin bar ni ina zaton ƙyanda ce ta ɗauke yayana Dauda. Ashe ranar da aka kore ku daga tsohon ƙauye ne. Ashe yana riƙe da bakin zaninki kuka shiga gonar dawa, yana ɗan shekara biyar. Da kuka kai rafi kika juya, zani yana nan, yaro babu.

Fim ɗin bai tsaya ba. Mai fassara ya saki wani abin dariya, ba wadda ta yi.

Tun ranar maganarki ɗaya ke min yawo a kunne: "Shiga gaba in gan ki." Hanyar coci, hanyar kasuwa, hanyar gona. Ina shekara ashirin kina kora ni a gaba kamar akuya, samari suna kallo, ina ƙunƙuni. Har a asibiti, a kwanakinki na ƙarshe, da ya kamata in tsaya a gefe in tallafe ki, haka kika ce. Na ɗauka rashin yarda ne. Sau nawa na yi miki fushi a kan haka, ban iya ƙirgawa.

Mijina Ishaya ya ce kada in ɗora wa fim laifi, ba don irinsa ba da wa zai san abin da aka yi wa mutanen can. Gaskiyarsa ce. Amma ba sani na je nema ba, Mama. Bikin masoyan nake jira. Waɗanda ke faɗuwa a bayan budurwar, waɗanda kyamara ba ta tsayawa a fuskarsu, su nake turawa gaba, kuma kowannensu Daudan wata ne. Ina tunanin wata rana wani zai yi fim a kanmu, wata amarya a wata ƙasa ta zauna da farantinta, ta wuce ki a bakin rafi don ba ke ce tauraruwa ba.

Na gaji. Jiya na buɗe littafi na karanta layi ɗaya sau huɗu na rufe. Matan gida suna ta naci, saura kashi biyu fim ya ƙare, ko don a ga ko an yi auren. Ban ji haushinsu ba, makon jiya ni ce kan gaba.

Mama Asabe ta ce cikin manyan da suka tsallake rafin nan ita kaɗai ta rage, kuma gwiwarta ba za ta ƙara kai ta can sau da yawa ba. Ta ce labarin ba na ɗakin haya ba ne.

Ki gafarta min ƙunƙunin nan, Mamana. Ubangiji ya ba ki hutu, ya sa Dauda yana gabanki yanzu kina ganinsa. Ya ba ni kunnen da zai ji har ƙarshe. Amin.

Na miƙa wa Maman Joy filas ɗin. Ranar Alhamis zan bi Mama Asabe ta nuna min rafin.

Taki har kullum,
Saratu