Katin Kyaftin Badamasi

Kaduna, 6 ga Maris, 2023

Zuwa ga Hajiya Sakinatu, Lolo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Bashira da sauran iyali. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Kyaftin Badamasi, ya kai haske kabarinsa.

Ni ne Bunyaminu, wanda ya yi shekara huɗu yana mataimakin mai gidanki a lokacin da yake tuƙa jirgin sama. Labarin rasuwarsa bai iso mini ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Na nemi lambarki na samu, amma na kasa kira, shi ya sa na ba direban motar Bagudo wannan takarda.

Mu tsofaffin ma'aikatan kamfanin nan namu da ya rushe, matuƙa da injiniyoyi da masu hidimar fasinja, mun shirya taro a nan Kaduna bayan ƙaramar Salla don yi masa addu'a. An ɗora mini jawabi, wai ni na fi kowa saninsa. Alhali ban san komai ba game da shekara ashirin da bakwai da ya yi a Lolo bayan ya bar aiki. Ina roƙon ki rubuto mini yadda ya rayu, ko da a taƙaice.

Na gode. Ki huta lafiya.

Naki mai biyayya,
Kyaftin Bunyaminu (mai ritaya)

*

Lolo, 19 ga Maris, 2023

Malam Bunyaminu,

Wa alaikumus salam. Mun gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada. Kana tsammanin na manta ka ne har kake gabatar mini da kanka? Ba kai ne ka cinye mini kwanon dambun kifi a gidanmu na Legas, sannan ka tambaya ko akwai saura ba? Gara da ba ka kira ba ma. Wayata in ta ga dama sai ta hau layin mutanen Benin, a yi ta yi mini Faransanci.

Ka ce in faɗa maka yadda Baban Bashira ya rayu. To, da ya dawo ya noma shinkafa a fadama kamar kowa. Bayan shekara biyu ya sayi jirgin ruwa mai inji, ya damƙa wa wani maƙwabcinmu Namadi, yana ɗauko 'yan kasuwa daga tsallaken Benin ranar kasuwar Lolo. Mutane suka ce Kyaftin ya sauko daga sama ya faɗa gulbi. Shi ma yana dariyar.

Abin da ya hana Namadi sakat shi ne kati. Baban Bashira ya rubuta abu bakwai a wani kwali, ya sa aka liƙe shi da leda, ya ɗaure kusa da inji: mai, igiya, sanda, moɗar kwarfe ruwa, rigunan ceto, yawan mutane, nauyin kaya. Jirgi ba ya tashi sai shi ya tsaya a bakin ruwa ya karanta ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, Namadi kuma ya ɗora hannu a kan abin sannan ya amsa. Namadi ya ce masa, “Kyaftin, kakana ya tuƙa jirgi cikin gulbin ga, bai taɓa karanta takarda ba.” Ya ce, “Kakanka bai da inji. Aza hannu bisa, kana ka hwaɗi.” Yaran gari har waƙa suka yi da katin. Amma yanzu je ka gani, mata masu goyo jirgin Namadi suke jira ko da akwai wani a gaba.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci sosai. Wata ranar kasuwa ana sauri, ya karanta “mai”, Namadi ya ce “shina nan” bai buɗe tanki ba. Man kuwa yana nan cike. Baban Bashira bai yi faɗa ba. Ya dai zauna a kan buhun albasar wani har jirgi ya tafi ya dawo, kuma ranar bai ci abincin rana ba. Na yi ta tambaya, ya ƙi gaya mini dalili.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba, kwana tara ne. Ina kewarsa ƙwarai, har da fitinar karanta mini kati kafin in kunna risho.

Ka gai da iyali. Kuma shekara ashirin da bakwai ba ko gaisuwa, Bunyaminu? Wannan na ajiye maka ita.

Yayarka,
Sakinatu

*

Kaduna, 2 ga Afrilu, 2023

Hajiya,

Assalamu alaikum, ya ibada? Wasiƙarki ta iso. Na yi dariya a farkonta, da na zo kan buhun albasa sai na ajiye ta, na yi kwana uku ban iya ƙarasawa ba. Ni na san abin da ya zaunar da shi.

Kin san an sa shi yin ritaya a 1996 saboda wani jirgi da ya tashi daga Kano ya dawo. Ga yadda abin ya faru. Idan jirgi yana ƙasa, akwai wasu ƙarafa masu jan ƙyalle da ake sa wa ƙafafunsa don kada su naɗe. Kafin a tashi dole ɗaya daga cikin matuƙa ya zagaya ya tabbatar an zare su. Ranar ni ne da zagaye. Ana ruwa, mun makara, na tsaya daga gindin matakala na leƙa na hau. Kyaftin ya karanta katin duba jirgi, ya zo kan ƙarafan, na ce “na duba”. Muka tashi da mutum ɗari da goma sha, ƙafa ɗaya ta ƙi naɗewa. Ya juyo da mu ya sauka lafiya, ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

A gaban kwamitin bincike, kafin in buɗe baki, ya ce shi ya yi zagayen. Ina da wata biyu a ba ni kujerar kyaftin, matata na da cikin fari. Na yi shiru, Hajiya. Ya kwashe kayansa ya tafi Lolo, ni na hau kujera na yi shekara ashirin a kanta. Kunya ce ta hana ni neman sa, kullum ina cewa sai baɗi.

Yanzu ga shi an ce ni zan tashi in yabe shi a gaban mutanen da har gobe suke cewa, “Gwani ne, sai dai kuskuren nan ɗaya.” Ban san yadda zan yi ba. Tambaya ɗaya nake da ita, kuma ke kaɗai za ki iya amsa ta: ya yafe mini kafin ya rasu?

Ki gafarce ni da na ɗora miki wannan cikin azumi.

Bunyaminu

*

Lolo, 17 ga Afrilu, 2023

Bunyaminu,

Wa alaikumus salam. Na jinkirta amsa da gangan, don na yi fushi. Ban san wannan labari ba sai a takardarka. Ni na kwashe kayan ɗakina daga Legas ina kuka, ni na ji mata suna cewa mijina ya kusa kashe mutane. Ashe kai ne. Na yi mako guda ba na son ganin ambulan ɗinka. Yanzu na huce, ko in ce na fara hucewa.

Da sauƙi in rubuta maka “ya yafe” ka samu barci. Amma ban taɓa jin ya faɗa ba, kuma na zauna da mutumin nan shekara arba'in da ɗaya, ba zan amsa abin da ban ɗora hannu a kai ba. Sai dai in gaya maka abin da na gani da idona.

A 2004 na samu kujerar Makka. Ya raka ni sansanin alhazai a Sakkwato, ya bar ni a inuwa ya shiga wajen tsofaffin abokan aikinsa ya tambayi wanda zai ɗauki alhazan Bagudo. Ni ban taɓa son jirgi ba, ka sani, duk da matar matuƙi ce ni. Ya dawo ya tarar da ni ina ta jan carbi. Ya ce, “Sakina, kin yi sa'a. Bunyaminu na za shi da ku. Ki shiga ki yi kwananki. Duk ƙasar ga babu wanda ya kai shi duba abu.” Na ce to bari in aika a gaya maka ina ciki. Ya ce a'a, a bar ka ka yi aikinka.

Ina zaune ta taga na hango ka a ƙasa, cikin ranar nan ta Sakkwato, kana zagaya jirgin. Ka durƙusa a gindin kowace ƙafa ka taɓa ta da hannu, har wata tsohuwa kusa da ni ta ce ko direban ya yar da kuɗinsa ne. Na yi barci kuwa, sai Jidda aka tashe ni.

Abin da nake da shi ke nan. Abin da za ka faɗa a taro kuma, kai ka sani. Ni dai ina da 'ya, kuma tana da 'ya'ya, za su so su san ko wane ne kakansu.

Allah ya nuna mana Salla lafiya.

Sakinatu

*

Kaduna, 1 ga Mayu, 2023

Yaya Sakinatu,

Assalamu alaikum, an yi Salla lafiya? An yi taro shekaran jiya. Na ajiye jawabin da na rubuta, na faɗa musu komai tun daga gindin matakala. Wasu sun ƙi ba ni hannu da aka tashi, ban kuma ga laifinsu ba. Sakataren ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata ya rubuta maganata, na sa hannu, ga kwafi nan a ciki, ki ba Bashira.

Ina nan tafe Lolo ranar kasuwa mai zuwa, in je kabarinsa, in zo ki ƙarasa mini faɗan da kika ajiye. Ki roƙar mini Namadi alfarma ɗaya. In za a tashi jirgi, shi ya riƙe katin ya karanta. Ni zan amsa.

Ƙanenki,
Bunyaminu