Ƙorafi Kan Awon Ƙugun Maigidana

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata,
Kamfanin Motocin Jigilar Ma'aikata.

Daga:
Matar mai neman aikin direba, lamba ta goma sha bakwai.

Kwanan wata: Litinin, 26 ga Agusta.

GAME DA: SHIRUN MAKO GOMA SHA BIYU BAYAN AN AUNA MUTUM

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kokena a kan maigidana, wanda abokan aikinsa ke kira Birki, domin shekara goma sha tara yana tuƙi bai taɓa buge ko kaza ba. Bai san na rubuto ba, kuma ina roƙon kada ya sani.

1. A ranar Litinin, 3 ga Yuni, ya halarci ganawar ɗaukar direbobi a ofishinku. Da aka gama tambayoyi, sai aka shigar da shi wani ɗaki, telan kamfani ya auna masa kafaɗa, da hannu, da tsawon wando, da ƙugu, wanda ya ba da inci talatin da takwas. Aka ce ya je gida za a kira shi. Ya dawo yana tafiya kamar sabon ango, ya shaida mini cewa ba a auna mutumin da ba a ɗauka ba.

2. Tun daga ranar ya ɗauki ƙugun nan amanar kamfani. Ni tela ce, Yallaɓai, amma tef ɗin awona ya bar hannuna. Kowace safiya sai ya zagaya shi a cikinsa kafin ya yarda ya karya. Da farko ya rage cin abinci kada ya wuce awo. Zullumi ya sauko da shi talatin da shida, sai hankalinsa ya tashi, ya yi mako guda yana cin nasa da na yara har ya kai talatin da tara, sannan ya sake kame baki. Yau ban san abin da zan auna in zuba a tukunya ba.

3. Wayarsa kuwa, ko wanka zai shiga sai ya ƙulle ta a leda ya rataya a ƙusa. Ya hana dangi kira a lokacin aiki. Ranar 9 ga Yuli mahaifiyarsa ta kira da hantsi, ya gaishe ta a tsaye da sunan Yallaɓai. Har yanzu tana fushi, kuma ni take zargi.

4. Sau biyu ya zo bin sawu. Ranar 15 ga Yuli mai gadi ya ce fayil yana kan tebur. Ranar 5 ga Agusta aka ce mai teburin ya tafi hutu. Duk da haka ya dawo da murna, wai mai gadin ya gane fuskarsa.

5. A makon jiya wata mai kawo mini ɗinki, wadda ƙaninta ya yi ganawar nan, ta shaida mini cewa duk mutum arba'in da suka zo ganawar aka auna, don kada a wahalar da tela ya zo sau biyu. Ranka ya daɗe, tela an sauƙaƙa masa, ni kuma an jefa ni a wahala. Na kasa faɗa wa maigidana. Shekara biyu ke nan da rufe masana'antar da yake yi wa tuƙi, kuma ban ƙara ganin ya miƙe kafaɗa ba sai ranar da aka ɗora masa tef ɗinku. Ina jin tausayinsa ƙwarai, ina kuma jin haushinsa.

6. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, yayansa ya samo masa tuƙin motar wani gidan burodi, kuma mai gidan burodin ya ce in bai karɓa ba zuwa ranar Juma'a, 30 ga Agusta, zai ba wani. Maigidana ya ƙi, wai mutumin da aka riga aka auna ba shi da ikon yi wa wani alkawari.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinku mai daraja ya ba shi amsa kafin Juma'a, ko da layi ɗaya ce. Idan ba a ɗauke shi ba, a taimaka a rubuta a takardar kamfani, a buga hatimi babba, domin idan daga bakina ya ji ba zai yarda ba.

Idan kuwa Allah ya sa an ɗauke shi, ina sanar da ku cewa da safiyar yau ƙugun ya nuna talatin da biyar. A gaya wa tela kada ya rage komai. A ɗinka a talatin da takwas ɗin yadda aka rubuta, cika wandon kuwa, wannan aikina ne.

Na gode da sauraro. Allah ya ƙara girma.

Taku cikin biyayya,
Matar Birki,
Tela, mai shago a zauren gida.