Layin da Na Soke a Takardarki

Zuwa ga Tabawa, inuwar dabinona a tsakar rana, ruwan farko da ke saukowa kwarin Telwa, gishirin Tegidda wanda in babu shi tuwo ƙasa ne a bakina. Ina gaishe ki, amma ki sani da fushi na ɗauki bik ɗin nan in rubuta miki.

Sule direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo mini wasiƙarki daga Yamai, haɗe da takardar da sojoji masu mulki suka ce sai miji ya sa hannu kafin matarsa ta fita waje karatu. Na ga har kin cike ta. Jami'o'i biyu suka karɓe ki ki yi doktora a ilimin warkar da ciwon rai, psychologie clinique ɗin da kika yi shekara goma kina bi, sai kika rubuta sunan ta kusa, ta ƙasar bakin teku. Wai shekara uku ce kawai, wai kya riƙa leƙo ni kowane hutu. Haba Tabawa! Ni za ki yi wa wayo? Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa, ina kama ƙaryar 'yan lekol tun ba su buɗe baki ba?

Waccan jami'ar ba ta da aibi. Amma da bakinki kika gaya mini awon basirar yara suka fi koyarwa. Ta ƙasar ƙanƙara kuwa, mai shekara biyar, can ne tsohuwar malamar nan take, mai aiki da mutanen da suka rasa komai har suka daina magana. Sau nawa kika karanta mini wasiƙarta, har ta yage a ninki?

Na san wadda ta kai miki rahoto. Salamatu maƙwabciya ce ta ce miki na faɗi a bakin randa. E, na faɗi. Ƙafafuna sun zama karan dawa, gidan nan ya yi mini yawa, in na dafa shayi kofi biyu nake zubawa in shanye duka. To, sai me? Ashe kin mai da ni majinyacinki na farko, kin yanke mini magani ba ki tambaye ni ba!

Ki tuna wancan farin, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, a sansanin bayan gari. Matar nan ta makiyaya, raƙumanta sun ƙare, 'ya'yanta biyu sun bi su, ana miƙa mata kunu tana kallon ƙasa. Likita ya duba ya ce lafiyarta lau. Ke kika shimfiɗa tabarma a gefenta kwana arba'in kina tsefe mata kai, har ranar da ta kira sunayen yaran ta fashe da kuka. Ina tsaye da buhun dawa a kafaɗa, zuciyata ta bar ƙirjina, kuma har yau ba ta dawo ba. Mai shimfiɗa tabarmar nan na aura, ya hasken idona, ba mai dama mini kunu ba.

Ga fari ya dawo. Bukkoki sun sake cika bayan gari, sojoji na rabon hatsi a layi. Ciki suke ciyarwa. Mai shiru fa, wa zai zauna da shi?

Kina tsoron in mutu ba kya nan. Ni ma ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma in kika yi karatun da ba kya so saboda ni, duk ranar da na dubi fuskarki abin da na cinye miki zan gani. Gara kewa ta cinye ni.

Don haka na soke layin da kika cike. Na rubuta sunan ta ƙanƙara a samansa, na dogara sandata har ofishin prefe, mai mulkin yankinmu, aka buga kashe, hatimin hukuma, a kan gyaran, kada a Yamai su ce coge ne. Na sa hannu, sunana ya karkace, amma nawa ne, kuma ba zan sa shi a wata takardar ba.

Ki sayi rigar sanyi mai kauri. In kin dawo kin same ni, shayi na kan gawayi. In ba ki same ni ba, ki wuce bayan gari, akwai masu jiran ki.

Naki, a gidan nan ko a ƙarƙashin ƙasarsa,
Alkasum